Ina shekarun aikina suka shiga? Amsoshi kan takardun fansho ga waɗanda suka dawo daga ƙetare

Wasiƙun da suka zo filin nan a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: mutum ya yi aiki a Ghana, ya fita, ya dawo, sai ya karɓi takardar lissafin fanshonsa ya tarar abin da ke rubuce bai kai abin da ke kansa ba. Mun zaɓi bakwai. Kafin mu shiga, ga abin da zai sauƙaƙa karatun amsoshin. Mai karɓar susu, wato adashin kullum, a kasuwar Nima ba ya sa alama a katinka don ya gan ka ka buɗe shago. Yana sa alama ne ranar da kuɗi ya shiga hannunsa, a kan katin da ke ɗauke da sunanka. Haka hukumar fansho take a kowace ƙasa: zubin da ya iso ƙarƙashin lambarka shi take rubutawa, guminka bai shafe ta ba. Saboda haka in aka ga giɓi, abu uku ake tambaya. An zuba kuwa? Da wace lamba aka zuba? Da wane mudu ake awo a ƙasar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi aiki a wani kamfani a Tema daga Janairun 1999 zuwa Disambar 2008, ana cire mini kuɗin SSNIT, hukumar fansho ta Ghana, kowane wata. Na yi tafiya, na dawo a 2017, na kama aikin tuƙi a wani kamfani a nan Accra tun Janairun 2019. Da na karɓi takardar lissafina a ƙarshen 2024 sai na ga wata 72 kacal. Ina shekara goma ta farko ta shiga?
Direba, Nima

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafa da kanka: daga Janairun 2019 zuwa Disambar 2024 shekara shida ce cif, wata 72 ke nan. Wato kamfaninka na yanzu bai tsallake ko wata guda ba, kuma takardar ba ta san da zamanka na Tema ba sam. In da kamfanin farko ne ya yi ta wasa da zubi, da ka ga watanni a warwatse, nan akwai can babu. Shekara goma ta ɓace ɗungurungum, wannan alamar lamba biyu ce. Abin da ya saba faruwa shi ne mutum ya dawo bayan shekaru, katin farko ya salwanta a ƙaura, a sabon wurin aiki a tambaye shi lamba ya ce ba shi da ita, sai a cike masa sabon fom. Tsohon asusun kuwa yana nan kwance da kuɗinsa.

Haɗa lambar SSNIT da Ghana Card, katin ɗan ƙasa, da aka fara a tsakiyar 2021 ba ya warware wannan da kansa, domin lambar da ka miƙa ita aka ɗaura wa katin. Sai ka je reshen SSNIT da ƙafarka, ka ce kana zaton lambarka biyu, kana so a binciko ta farko a haɗe su. Tafi da Ghana Card da duk wata takarda ta zamanin Tema: takardar ɗaukar aiki, takardun albashi (lambar kan fito a jikinsu), katin shaidar ma'aikaci. In babu ko ɗaya, za a nema da sunanka yadda aka rubuta shi a 1999, da ranar haihuwa, sunayen iyaye, garinku da sunan kamfanin. An ɗauki zanen yatsanka ranar rajistar farko, shi ne babbar shaidarka. Ka rubuta buƙatar a takarda, ka yi kofe biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe.

Ko an haɗe lambobin, tsugune ba ta ƙare ba. Karɓi sabuwar takarda, ka ɗauki biro ka bi ta wata bayan wata, ya kamata ka ƙirga 120 tsakanin 1999 da 2008. Giɓin da aka fi samu a irin waɗannan shekaru iri uku ne. Akwai watannin farko da kamfani ya riƙe mutum a matsayin ɗan gwaji ko ɗan aikin yini bai kai sunansa ba. Akwai watannin da aka cire kuɗin a albashi ba a kai ba. Akwai kuma waɗanda aka kai kuɗin amma akawun kamfani ya kuskure lamba ɗaya a jerin sunayen da ke rakiyar kuɗin, sai zubin ya maƙale ba a san mai shi ba. Na ukun nan ya fi sauƙin gyara, tunda kuɗin yana hannun hukuma, takardar albashin watan ta isa a bi sawu. Na biyun bashi ne a wuyan kamfani: doka ta ba shi kwana 14 bayan ƙarshen wata ya kai zubi, in ya yi jinkiri tara ta kashi 3 cikin ɗari tana hawa kowane wata, kuma SSNIT na da ikon kai shi kotu. Amma in kamfanin ya rushe tun tuni, hujjar da ke hannunka ita ce kawai za ta yi magana, don haka kada a yar da tsohuwar takarda ko da ɓera ya ci gefenta.

Kada hankalinka ya tashi in ka ga albashin 1999 ya koma kamar kuɗin koko. A Yulin 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1. Albashin 400,000 zai fito 40.00. Ba ragi aka yi maka ba.

Me ya sa duk wannan wahala? A ƙarƙashin dokar fansho ta 2008 mai lamba 766, da gyaran da aka yi mata a 2014, sai da zubin wata 180 ake samun fanshon wata-wata. Wata 180 na ba mutum kashi 37.5 cikin ɗari na matsakaicin albashin shekarunsa uku mafi tsoka, kowace shekara a kai tana ƙara kashi 1.125, har a tsaya a kashi 60 a wata 420. In an haɗe maka 120 da 72, kana da 192, ka riga ka haye da kashi 38.625. A kan matsakaicin albashin sidi 3,000, sidi 1,158.75 ke nan a wata. In ka bar ta a 72, sai ka ƙara shekara tara kafin ka taka layin, kuma wanda ya kai shekara 60 bai taka ba, zubinsa kawai ake mayar masa a dunƙule da kuɗin ruwa a kai, a sallame shi. Wani abu da masu dawowa ba su cika sani ba: ba a karɓar sabon shiga a tsarin SSNIT bayan shekara 45 da haihuwa. Wanda ya dawo yana da 50, tsohuwar lambarsa ita ce ƙofarsa.

Tambaya: Na yi shekara 11 a Italiya, takwas a wata masana'anta kusa da Biresha, sauran a gonakin tumatir a kudu. Takardar INPS, hukumar fansho ta Italiya, ta nuna ƙasa da shekara tara. Kuma zan iya kawo shekarun nan a ƙara mini a kan na SSNIT?
Mai shago, Sukura

Amsa: Alhaji, mu fara da ta biyun don gajeruwa ce. A'a. Ana haɗa shekarun ƙasa biyu ne in akwai yarjejeniyar fansho tsakaninsu, kuma babu ita tsakanin Ghana da Italiya, haka ma Ingila, Jamus da Amurka. Kowace tukunya da wutarta.

Batun ƙarancin kuwa, mudun Italiya mako ne, 52 ke cika shekara. Aikin masana'anta na cikakken lokaci yana cika makonnin. Aikin rabin yini mai ƙaramin albashi yana iya ba da ƙasa da 52 ko da mutum bai yi fashin rana ɗaya ba, domin in albashin bai kai mafi ƙarancin da aka yanka ba, ana rage makonnin gwargwadonsa. Aikin gona kuma da kwanaki ake ƙirga shi, kwanakin da mai gona ya kai rahoto, kuma kowa ya san mai gona kan rubuta kwana goma a watan da aka yi ashirin da biyar. Wanda aka yi kuɗi-a-hannu ba kwantiragi, wannan bai taɓa shiga littafi ba. Ga dukkan alamu shekarunka na kudu ne suka zaizaye. Zubin da mai aiki ya ƙi kaiwa a Italiya, a ka'ida bayan shekara biyar damar tilasta masa ta wuce, don haka duba ko kana cikin lokaci.

Duba kuma lambar harajinka, wadda suke kira kodiche fiskale. Haruffa da lambobi 16 ne, ana ƙera ta daga baƙaƙen sunan mutum da ranar haihuwarsa da ƙasarsa. In a takardar zama ta farko an rubuta Abubakari, a ta biyu aka rubuta Bukari, ko aka juya sunan uba ya koma gaba, to lambar ta canja, kuma zubinka na iya rabuwa gida biyu kamar na direban da ke sama. Fito da tsofaffin takardun albashi ka gwada lambar da ke saman kowacce.

Kada ka yi watsi da abin don bai kai shekara 20 da ake nema a can ba. Tun 2002 aka daina mayar wa baƙo zubinsa in zai koma gida, amma an bar masa haƙƙin: baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, wanda zubinsa na farko ya fara daga 1996 zuwa sama, in ya koma ƙasarsa yana iya neman fansho da ya kai shekarun ritaya, 67 a yanzu, ko bai cika 20 ɗin ba. Ofisoshin patronato na ƙungiyoyin ƙwadago suna bin irin wannan kyauta. Ɗan'uwan da ke can zai iya kai musu takardunka tare da takardar wakilci.

Tambaya: Na yi aikin kula da tsofaffi a Landan daga Satumbar 2004 zuwa Yulin 2016, kusan shekara 12. Ɗiyata ta duba mini ta intanet, an ce shekarun da suka cika takwas ne, kuma wai sai da goma ake ba da fansho. Shi ke nan na yi asara?
Mai karatu, Mamobi

Amsa: Hajiya, ba ki yi asara ba tukuna, amma sai an tashi tsaye. A Ingila shekarar lissafi tana farawa ne 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun gaba, kuma shekara ko ta cika ko ba ta cika ba, babu rabi. Kin shiga a Satumba, kin fita a Yuli, don haka ta farko da ta ƙarshe suna iya faɗuwa in abin da kika samu a cikinsu bai kai adadin shekara ba. Biyu ke nan. Sauran sukan fito ne daga yanayin aikin. Akwai mafi ƙarancin albashin mako da sai an kai shi ake lissafa wa mutum, kuma kowane wurin aiki daban ake auna shi. Mai aiki a gida uku ta hannun dillalan aiki, kowanne 'yan awoyi, tana iya wuni a tsaye mako duka amma ba wanda ya kai layin shi kaɗai. Sai kuma zubin da aka yi a watannin farko kafin lambar inshorarki ta dindindin ta fito, wanda wani lokaci ba ya bin mutum zuwa asusunsa.

Ki raba giɓin gida biyu. Shekarar da aka cire miki kuɗi amma ba ta fito ba, kuskure ne, ana gyarawa da hujja. Nemo takardar P60 ta ƙarshen kowace shekara, a kanta akwai adadin da aka cire. Ki rubuta wa HMRC, hukumar haraji ta can, ita ke riƙe da littafin, ki sa lambar inshorarki, sunan wurin aikin da shekarar, ki aika kofe ki riƙe na asali. In kuma kin karɓi kuɗin tallafin yara da sunanki lokacin da yaron bai kai shekara 12 ba, waɗannan shekarun ana lissafa su ko ba ki yi aiki ba. Inda matsala take shi ne in an yi rajistar tallafin da sunan maigida alhali ke ce a gida da yaran.

Shekarar da ba a zuba komai ba kuwa sai dai a saya, kuma baya da shekara shida kawai ake iya komawa. Rangwamen da ya ba da damar cike giɓi har zuwa 2006 ya rufe 5 ga Afrilun 2025. To amma ba dole sai tsofaffin ba: kina iya neman biyan shekarun baya-bayan nan daga nan Accra da fom CF83. An tsaurara sharaɗin daga Afrilun 2026, sai wanda ya zauna a can shekara goma ko ya zuba na shekara goma, kuma zamanki ya wuce haka. A farashin shekarar 2025 zuwa 2026, zubin ganin dama fam 17.75 ne a mako, fam 923 a shekara. Shekara biyu fam 1,846. Cikakken fansho a waccan shekarar fam 230.25 ne a mako ga mai shekara 35, wato mai goma zai samu kimanin fam 65 a mako. Cikin wata bakwai kin mayar da kuɗinki. A ganinmu da wuya a samu cinikin da ya fi wannan. Amma kada ki biya ko fam ɗaya sai an gama gyaran kuskuren, domin mai yiwuwa biyun da kike nema suna cikin jakar takardunki. Ki kuma sani cewa wanda ke zaune a Ghana ba a yi masa ƙarin shekara-shekara: adadin da aka fara biyanki shi za a ci gaba da biya.

Tambaya: A SSNIT an rubuta an haife ni 1962, a Ghana Card 1966, a takardun Jamus kuma 1968. Na yi shekara bakwai a Hambag. Wace za a bi? Kuma abokai sun ce in karɓo kuɗina na Jamus a dunƙule.
Boga, Sabon Zango

Amsa: Baba, ba kai kaɗai ba ne. Da yawa a zangunanmu an haife su a gida ba takarda, malamin makaranta ya kintata, akawun kamfani ya kintata, mai yin fasfo ya sake kintatawa. Amsar dai ba mai daɗi ba ce: kowace hukuma tata take bi. Ranar da ka bayar a rajistar farko ita ce tushe a SSNIT, kuma takardar rantsuwar da aka yi a kotu jiya ba ta da ƙarfin ture ta. Abin da ake saurara shi ne tsohuwar shaida da ta girmi rajistar: takardar haihuwa ta asali, katin awo na asibiti, rajistar shiga firamare. A Jamus abin ma a rubuce yake a doka: ranar da mutum ya fara faɗa ita ce, sai dai in kuskuren alƙalami ne, ko in an kawo takardar da aka fitar kafin wancan furucin na farko. Ranar tana cikin lambar inshorar kanta.

Ma'anar wannan a aikace: a idon SSNIT ka cika 60 tun 2022, a idon Jamus kuma sai 2035 za ka kai 67. Abin da zai iya tsayar maka da biya a nan shi ne saɓanin 1962 da 1966, tunda da Ghana Card ake tantance mai nema. Wannan shi za ka fara kaiwa reshe, ka nemi a rubuta maka abin da ake buƙata don daidaita su. Kada ka ruga ka canja ranar Ghana Card ta dace da ta Jamus, za ka toshe rami ɗaya ka buɗe biyu.

Batun dunƙule, a yi hattara da shawarar majalisa. Gaskiya ne ɗan Ghana da ya bar Jamus yana iya neman a mayar masa da zubinsa bayan wata 24 da fita daga tsarin. Amma rabinsa kawai ake mayarwa, wanda aka cira daga albashinka. Rabin da mai aiki ya zuba ya tafi, kuma asusun ya shafe har abada. Kai kuwa shekara bakwai gare ka, ka wuce wata 60 da ake nema don fanshon tsufa, kuma ana biyan sa har Ghana. Kafin ka zaɓa, nemi hukumar fanshon Jamus ta aiko maka da tarihin asusunka, in akwai giɓi ka cike fom V0100 na tantance asusu, sa'an nan ka sa a lissafa maka duka biyun a takarda. Mai rashin lafiya ko mai bashi a wuya zai iya ganin dunƙule ya fi masa. Mai ƙoshin lafiya da iyali galibi fanshon ya fi.

Wata magana da ba ka tambaya ba amma wasu masu irin tarihinka za su so ji: watannin da aka yi aiki da takardun wani, a asusun mai takardun suka sauka. Kada a rubuta wa wata hukuma a kan wannan sai an ga lauya a ƙasar, don wasiƙar kanta amsa laifi ce.

Tambaya: Ɗana ya yi aiki a nan daga 2010 zuwa 2018 sannan ya tafi Amurka, yana tuƙin tasi a Buronkis. An ce ana zuba masa kashi 18.5 amma a takardar SSNIT 13.5 muka gani. Ina sauran? Kuma zai iya ci gaba da zubi daga can?
Uwar yara, Madina

Amsa: Mama, ba a ci masa komai ba. Tun Janairun 2010 zubin hawa-hawa ne. Ma'aikaci na ba da kashi 5.5, mai aiki 13, jimla 18.5. Daga ciki 13.5 ke zuwa SSNIT, ita ma tana miƙa 2.5 ga inshorar lafiya. Kashi 5 da kike nema yana hawa na biyu, a hannun kamfanin amintattu mai zaman kansa da wurin aikin ya zaɓa, kuma shi ne ke biyan kuɗin dunƙule ranar ritaya. Ba ya fitowa a takardar SSNIT. In ya canja wurin aiki sau biyu, mai yiwuwa kuɗin yana hannu uku. Ya tambayi kowane tsohon wurin aiki sunan amintaccensa, in wurin ya rufe ya nufi NPRA, hukumar da ke sa ido a kansu. Zubin shekarun farko ya fi wuyar bi, domin an tara shi a wani asusun wucin gadi a Babban Bankin Ghana kafin a raba wa amintattun. Ku kuma auna kason da albashin tushe, ban da alawus, shi ake yi wa lissafi.

Shekara tara wata 108 ne, saura 72 ya kai 180. Yana iya ci gaba da tsohuwar lambarsa a matsayin mai aikin kansa, ya faɗi albashin da zai riƙa zubi a kai, ya biya kashi 13.5 nasa. Kada ya gina lissafi a kan cewa ranar da ya dawo zai biya na baya gaba ɗaya, ya fara yanzu wata-wata. A can Amurka kuma maki 40 ake nema kafin a samu fansho, huɗu ne iyaka a shekara, shekara goma ke nan. Direban tasi mai aikin kansa ba ya samun maki sai ya bayyana ribarsa a takardar haraji ya biya kasonsa. Wanda ke rage ribar don harajin ya yi sauƙi, fanshonsa yake yanka. In ya ga kuskure a littafinsa na can, wa'adin gyara shekara uku da wata uku da kwana 15 ne bayan shekarar, in ya wuce sai da hujja mai ƙarfi.

Tambaya: Na koyar a wata makarantar kuɗi a Legas daga 2009 zuwa 2017. Kuɗin da ke asusun fanshona bai kai lissafina ba. Ba ECOWAS ta ce a haɗa shekarun ba?
Malamin makaranta, Fadama

Amsa: Malam, yarjejeniyar tana nan, shugabannin ECOWAS sun amince da ita a 2013, kuma ta tanadi haɗa shekarun aiki tsakanin ƙasashen. Sai dai tsarin biyu ba jinsi ɗaya ba ne. SSNIT watanni take ƙirgawa ta yi alkawarin kaso na albashi. Najeriya tun dokar 2004 asusun kanka ne, abin da aka zuba da ribarsa shi ne naka. Ka ɗauka tukunya biyu gare ka, ka kula da kowacce.

Lissafinka na iya zarcewa in ka yi amfani da kaso ɗaya duka shekarun. Har tsakiyar 2014 kashi 7.5 ne daga gare ka, 7.5 daga makaranta. Daga nan ya koma 8 da 10. Kason kuma a kan albashin tushe da kuɗin gida da na mota yake, sauran alawus ba dole ba ne su shiga. Nemi kamfanin fanshonka ya ba ka cikakken bayanin asusu tun ranar buɗewa, ka jera shi da takardun albashi. Watan da aka cire ba a kai ba, doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata ba, kuma PenCom, hukumar da ke sa ido a kan fansho a Najeriya, ake kai wa ƙara. Tunda rajistarka ta girmi tsakiyar 2019, sai ka sabunta bayananka a kamfanin kafin a biya ka komai, kuma za a nemi lambar NIN, lambar shaidar ƙasa ta Najeriya. In kana da lambar asusu biyu, a wajen sabuntawar ake warware su.

Tambaya: Na yi shekara tara ina aiki a wani kamfanin gine-gine a Jidda, ina ganin sunan GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, a takardunmu. Ta yaya zan nemi fanshona?
Birkila, Ashaiman

Amsa: Ɗan'uwa, babu fanshon tsufa ga baƙo a wannan tsarin. Abin da kamfani ke zubawa a kan baƙo kashi 2 ne, na inshorar haɗari a wurin aiki kawai. Haƙƙinka kuɗin sallama ne daga kamfanin kansa: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. A shekara tara, albashin wata shida da rabi ke nan in kwantiragi ya ƙare ko su suka sallame ka. In kai ka ajiye aikin tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku na wannan. Duba takardar da ka sa wa hannu ranar fita ka ga ko adadin da ke ciki ya yi daidai da haka.